Bazazzagi, Mayyar Ingila Ba Ta Cin Kurwa

Sannu da dawowa, Bazazzagi, ko in ce sannu da gudu. Labari ya riga jirginka sauka a Kano, cewa ƙaro ilimin da aka tura ka Ingila ya so ya ƙare a daren farko, don tsohuwar da ka kama ɗaki a gidanta ta gaya maka da bakinta, tana murmushi tana zuba maka shayi, cewa ita mayya ce. An ce ko kurɓa ba ka yi ba. An ce ka fito titi da silifa ƙafa ɗaya, cikin sanyin da ke daskarar da majina, kana ta "kurwata kur, ki ci kanki ki sha baƙin ruwa", har maƙwabta suka leƙo ta taga suna zaton gobara ce. Wanda ya ba ni labarin ya rantse har ƙullin busasshiyar ramar da ka yi guzuri a can ka baro shi. Nan na tabbata abin ya kai intaha, don Bazazzagi ya gwammace ya bar fasfo da ya bar kayan fate.

To zauna ubangidanka ya karantar da kai, tunda duk allunan Zazzau da digirorin da kuke mana taƙama da su ba su hana ka abin kunya ba.

Matar nan ba mayya ba ce irin wadda ka sani. Babu ƙanƙara a cikinta, ba ta kama kurwa, ba kuma wadda za a tara unguwa a ce ta tsallaka mara lafiya ba ce. Mabiyar wani addini ce da ake kira Wika, wanda mabiyansa, maza da mata, suka ɗauko sunan da kakanninsu ke rataye mutane saboda shi suka laƙaba wa kansu, suna alfahari. Abin da zai fi ba ka haushi shi ne shekarun addinin. Kwalejin Barewa ta girme shi. An kafa ta a 1921, a Katsina, kafin a ba ku aronta, shi kuwa Wika sai a 1954 duniya ta san da zamansa sosai.

Wanda ya fito da shi wani Bature ne, Gerald Gardner, haifaffen 1884 a kusa da Libaful. Ya yi aikin gonar shayi a Silon, ya yi na roba a Borniyo da Malaya, ya ƙare a aikin kwastan. A 1936 ya yi ritaya ya koma gida da fansho, da tarin wuƙaƙen Malaya waɗanda har littafi ya rubuta a kansu, da kuma lokacin da ya rasa yadda zai yi da shi. Ka san abin da zaman kashe wando ke sa ɗan fansho. Wani ya buɗe kanti, wani ya faɗa siyasa, shi sai ya buɗe addini. Ya ce wai a 1939 wasu mutane a yankin New Forest, kudancin Ingila, sun shigar da shi wata ƙungiyar asiri da ta tsira tun kafin zuwan Kiristanci. Har ya ce a 1940 sun taru cikin dare sun yi tsafi don kada Hitila ya tsallako teku. Hitila dai bai tsallako ba, amma ina jin sojojin sama na Ingila ma suna da ta cewa. Da farko bai iya baje kolinsa a fili ba, domin dokar maita ta 1735 na nan da ranta; ko a 1944 sai da aka ɗaure wata mata, Helen Duncan, wata tara a ƙarƙashinta, saboda da'awar tana kiran matattu su yi magana. Da aka soke dokar a 1951 sai gogan naka ya saki jiki, ya tare a gidan tarihin maita da ke tsibirin Man yana karɓar 'yan jarida, ya fitar da littafinsa Witchcraft Today a 1954. Yana kuma sa "Dakta" a gaban sunansa, da digirin da ya samo daga wata makarantar jeka-na-yi-ka a Amurka. A nan kam na fara zargin akwai jinin Zazzau a jikinsa.

Harsashin da ya yi gini a kai na wata malama ne, Margaret Murray, masaniyar tarihin tsohuwar Misira. A 1921 ta fitar da littafi tana cewa mutanen da aka kashe a Turai da sunan maita ba ƙazafi kawai aka yi musu ba, mabiya wani tsohon addini ne na wani abin bauta mai ƙaho, suna taruwa su 13 a kowace ƙungiya. Hujjarta bayanan da aka tatsa daga bakin mutanen da ake tuhuma, da yawansu ana gana musu azaba. Ta tsince abin da ya yi mata, ta zubar da wuraren da suka ce sun tashi sama ko sun rikiɗa dabba. Tun shekarun 1970 masana tarihi suka yi wa ra'ayin kaca-kaca. Farfesa Ronald Hutton na Jami'ar Bristol, a littafinsa na 1999, ya bi zare ya nuna inda aka samo kayan: matakan shiga uku daga 'yan Firimason, wasu karance-karance daga wani hatsabibi mai suna Aleister Crowley, da'ira da wuƙa daga tsoffin littattafan tsibbu na Turai, sauran daga marubutan Ingila masu begen daji da farin wata. Wata almajirar Gardner, Doreen Valiente, da aka shigar a 1953, ita ta gane satar amsar malaminta, ta zauna ta sake rubuta da yawa daga abin da suke karantawa yau. Mabiyan da suka yi karatu ba sa musun wannan yanzu. Sukan ce sabo ne, kuma haka ya yi musu.

Mu leƙa teburin da ya firgita ka, in gaya maka sunan abin da ka gani, ko ka samu na faɗa in an tambaye ka me ka karanto. Wuƙar nan mai baƙar ƙota sunanta atame. Ko albasa ba ta taɓa yankawa ba. Da ita ake nuna iska, a zana da'irar da za a tsaya ciki a yi ibada, mai faɗin ƙafa 9 a tsarin Gardner. In akwai abin yanka na gaske, ganye ko igiya ko zane a jikin kyandir, wata ce daban mai farar ƙota, bolin. Faifan nan mai tauraro a ciki fentakul ne: tsini huɗu na iska da wuta da ruwa da ƙasa, na biyar na ruhi. Sai kofi, sai sanda, sai 'yar tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, wadda yawancinsu turare suke ƙonawa a ciki, ba naman kowa ba. Sai tsintsiya mai doguwar ƙota, wadda ba hawanta ake yi ba, share wurin ibada ake yi da ita, wasu ma ba sa bari ta taɓa ƙasa, wai dattin da ake kora ba na ido ba ne. Ango da amarya kan tsallaka ta ranar aure, bayan an ɗaure musu hannuwa da igiya, wanda shi ne ɗaurin aurensu. Ku da kuka gaji tsintsiya tun iyaye da kakanni a ƙofar gidajen Kanawa, ban ga abin tsoro a nan ba.

Littafin nan mai baƙin bango shi ne Kundin Inuwa. A tsarin farko, sabon shiga ne zai zauna ya kwafe shi da hannu daga na wanda ya shigar da shi, sa'an nan ya riƙa ƙara nasa. Yau da yawansu a kwamfuta suke ajiye shi. Da ka yi haƙuri ka buɗa, abin da za ka tarar addu'o'insu ne, da ranakun tsayuwar wata, da yadda ake haɗa shayin ganye don barci. Ya kamata ka aika wa baiwar Allah nan takarda ka ba ta haƙuri, ka kuma cika mata kuɗin hayarta.

Ƙungiyarsu sunanta koban, kuma a al'ada ba ta wuce mutum 13. In ta cika sai wasu su ɓalle su kafa tasu. Mace ke jan ragama, mu kira ta magajiya, da namiji mai taya ta. Mai son shiga yakan jira shekara guda da kwana ɗaya, sa'an nan ya hau mataki na farko, na biyu, na uku. Akwai kuma abin da na san shi ne zai fi tsaya maka a rai: mabiya tsarin Gardner na asali tsirara suke ibada, suna cewa sararin sama ne suturarsu. Mutumin dama ɗan ƙungiyar masu zaman tsirara ne tun kafin ya fara maganar maita, don haka ba sai an yi dogon bincike ba a gano inda wannan rukunin ya fito. Ka auna sanyin Ingila, wanda ya sa ka kwana da babbar riga da safa biyu, ka ce mutum ya tuɓe ya tsaya cikin da'ira yana kiran gabas da yamma. Shi ya sa da yawa suka koma sa doguwar riga. Yau ma mafi yawansu ba su cikin kowace ƙungiya. Tun da wani Ba'amurke, Scott Cunningham, ya fitar da littafin koyi-da-kanka a 1988, kowa ya zama limamin kansa a ɗakinsa.

Dokarsu ta zama da mutane gajera ce, ta taƙaita a kan kada a cuci kowa. Da yawansu kuma sun yarda duk abin da ka aikata, alheri ko sharri, zai dawo maka ninki uku. Ban ɓoye maka ba, da na ji wannan sai da Bakanon cikina ya ɗaga kunne. Jari ɗaya riba uku, ko a Kantin Kwari ranar jajiberin salla ba a samun haka.

Bukukuwansu takwas ne a shekara, suna ce musu sabat. Huɗu sun bi tafiyar rana: Yul a Disamba lokacin da dare ya fi tsawo, Lita a Yuni lokacin da yini ya fi tsawo, sai Ostara a Maris da Mabon a Satumba, sa'ad da dare da yini ke daidaita. Huɗun da ke tsakaninsu aro ne daga tsoffin bukukuwan mutanen Ailan da Sikotilan: Imbolk a farkon Fabrairu, Beltan 1 ga Mayu, Lunasa 1 ga Agusta, da Sawin a daren 31 ga Oktoba, wanda suke cewa a cikinsa labulen da ke tsakanin rayayyu da matattu ya fi sirancewa, har wasu kan ajiye wa mamatansu kwanon abinci. Ba a san wata al'umma ta dā da ta haɗa takwas ɗin nan tana yi ba. Gambiza ce ta shekarun 1950. Sunaye uku daga ciki, Ostara da Lita da Mabon, wani Ba'amurke ne, Aidan Kelly, ya ɗora su a kan ranakun a 1974. Mabon ma sunan wani saurayi ne a tatsuniyar mutanen Wels, babu abin da ya haɗa shi da girbi. Ka ga bikin kaka da kakanni da aka raɗa wa suna shekara guda kafin Murtala ya hau mulki. Ban da waɗannan akwai taron kowane wata in ya cika, esbat, wanda ake rufewa da biskit da giya, ko lemo ga wanda ba ya sha. Babu fate, don haka na san ko an gayyace ka ba za ka je ba.

Abin bautarsu biyu ne, mace da namiji, wa'iyazubillahi. Macen, Uwargijiya, suna danganta ta da wata, mai fuska uku: budurwa in wata ya tsaya, uwa in ya cika, tsohuwa in ya fara raguwa. Wani mawaƙin Ingila, Robert Graves, shi ya yayata wannan fasalin a littafinsa na 1948. Namijin shi ne Mai Ƙaho, ubangidan daji da namun daji, wanda sukan kira Kernunos, sunan da aka tsinta a jikin wani dutse da aka haƙo a ƙarƙashin majami'ar Notre-Dame ta birnin Faris, sassaƙar masu jiragen ruwa na zamanin Rumawa. In ka ce musu Shaiɗan ne sai ransu ya ɓaci, su ce Shaiɗan na Kirista da Musulmi ne, su babu shi a lissafinsu. Akwai ma reshen da wata mata, Zsuzsanna Budapest, ta kafa a Los Anjalis a 1971, wanda ya sallami namijin gaba ɗaya, mata zalla suna bauta wa mace zalla. Ni tausayinka nake ji a nan. Addinin da ya ginu kacokan a kan bambanta mace da namiji, ina Bazazzagi zai sa kansa? Mutumin da zai ce "matana ya tafi kasuwa, ya ce zai dawo da yamma", in aka ba shi jagorancin ibada ai kafin a watse ya haɗa Uwargijiya da Mai Ƙaho faɗa.

Babban abin da ake yi a cikin da'irar suna kiransa sauko da wata. Namijin zai durƙusa gaban magajiya ya roƙi Uwargijiya ta shiga jikinta, daga nan abin da ta faɗa ba ita ke faɗa ba. Kai da ka tashi kana jiyo garaya daga bayan gari, ka san sunan wannan: bori. Abin da ya rage kawai babu girka, babu jifa, babu atishawar sallama. Abin dariyar shi ne, jikokin mutanen da suka zo ƙasar nan suka sa wa bori takunkumi suna kiransa duhun kai, su ne yau suke da nasu da rajista. Wani jami'insu, Tremearne, sai da ya bi Hausawa har Tunis da Tarabulus yana rubuta sunayen iskoki, ya fitar da littafi a 1914. Bayan shekara 50 cif, Gardner ya mutu a jirgin ruwa yana dawowa daga Labanan, aka binne shi a Tunis ɗin nan. Na san za ka ce Bakano ba shi da bakin magana, ga Tsumburbura ga Barbushe a kan Dala. Mu mun sallami namu tun zuwan Wangarawa zamanin Sarki Yaji. Ku ne har yau in magariba ta yi ba mai son a aike shi gindin Kufena.

Saura halittun da suke ambato, waɗanda yawancinsu ba na Wika ba ne, na tatsuniyoyin ƙauyukan Biritaniya da Ailan ne da suka tarar suka rungume. Wasu mabiyan sun yarda akwai su da gaske, wasu sun ce misali ne kawai. Fara da baƙar kyanwar da aka ce ta kalle ka ka saki salati. A zamanin farautar mayu, Ingilishi sun yarda kowace mayya tana da ɗan aike, aljani cikin siffar kyanwa ko kwaɗo ko kare, tana shayar da shi jininta. Wani matashi, Matthew Hopkins, da ya naɗa kansa babban mai kamun mayu wajen 1645, yakan sa a hana tsohuwa barci dare da rana har sai ta lissafo sunayen 'yan aikenta. Ta farko da ya kama, Elizabeth Clarke, tsohuwa ce mai ƙafa ɗaya, kuma rataye ta aka yi. A ɗan littafinsa na 1647 har da zanen dabbobin, ciki da wani Vinegar Tom, kare mai kan sa. Yau in 'yar Wika ta ce kyanwarta ɗan aikenta ce, nufinta tana sonta ƙwarai. Aikin kyanwar bai wuce cin kifin gwangwani da barci a kan kujera ba.

Wanda ya fi burge ni a cikinsu duka shi ne birauni na Sikotilan. Ɗan guntun aljani ne da ke zama a gida, in an yi barci ya fito ya yi shara, ya yi wanke-wanke, ya yi sussuka, ya kaɗa nono. Ladansa ɗan kwanon kindirmo ko kunu a bakin murhu. Ba ya neman albashi, ba ya zuwa ganin gida, ba ya cewa kakarsa ta rasu sau uku a shekara. Sharaɗinsa ɗaya: kada ka kuskura ka ɗinka masa riga. Ranar da ka ba shi sutura, ranar zai tafi ba ya dawowa. Na daɗe ina tunanin wannan halitta, na ga duk siffofin bawa nagari sun cika a jikinsa, abin da muka yi shekaru muna nema a wurin Zage-zagi ba mu samu ba. Ku a ba ku riga ku karɓa, ku nemi hula, aikin kuma ba a gani ba.

Sauran ba su da daɗin sha'ani haka. Banshi ta Ailan mace ce da ake jin kukanta da dare in wani zai mutu a wasu tsoffin gidaje. Kelfi na Sikotilan doki ne kyakkyawa da ke tsayawa a bakin ruwa; ka hau ka manne, ya nutse da kai. Yanzu har gumakan kawunansa biyu aka yi da ƙarfe a Falkirk, kowanne tsayin mita 30, 'yan yawon buɗe ido na ɗaukar hoto. Selki ta tsibiran Orkney da Shetland dabbar teku ce da kan tuɓe fatarta ta zama mace. Masunci ya sace fatar ya ɓoye ya aure ta, su haihu, ranar da ta gano maɓoyar ta koma ruwa ba sallama. Akwai kuma masu gadin kusurwa huɗu na da'ira, na ƙasa da na ruwa da na iska da na wuta, waɗanda wani likitan Suwizalan, Paracelsus, da ya mutu a 1541, ya tsara a littafi. Da Koren Mutum, fuskar nan mai ganye na fita ta baki da ake gani a sassaƙe a tsoffin majami'u: magina Kirista suka sassaƙa ta, wata mata, Lady Raglan, ta raɗa mata suna a 1939, 'yan Wika suka ɗauka suka ce tsohon abin bauta ne.

Manyan su duka su ne feri, waɗanda mutanen Ailan ke cewa suna zaune cikin tuddai da gindin wasu itatuwa. Kada ka ɗauka 'yan tsanan nan ne masu fiffike na fim ɗin yara. A ƙauyukan dā tsoronsu ake ji, ba a ma son kama sunansu, sai a ce mutanen kirki, yadda mu ke cewa mutanen ɓoye. Ana cewa suna sace jariri su bar nasu a madadinsa, kuma maganinsu ƙarfe, shi ya sa ake ajiye almakashi ko wani ƙarfe a wurin kwanciyar jariri. Ka tuna wuƙar da kakarka ke sawa a kan mai jego, ka ga ba ku kaɗai ba ne. A 1999, da za a yi babbar hanya a gundumar Clare, wani mai ba da tatsuniya, Eddie Lenihan, ya yi ta kururuwa a kan wata 'yar bishiyar ƙaya da ya ce matattarar feri ce. An gama hanya, bishiya na nan tsaye a gefe. Kafin nan, a 1917, wasu 'yan mata biyu a ƙauyen Cottingley, ɗaya mai shekara 16 ɗaya 9, sun yanko zanen feri a takarda suka kafe da allurar hula suka ɗauki hoto. Arthur Conan Doyle, wanda ya ƙago Sherlock Holmes, jami'in binciken da ba a yi masa wayo, ya gaskata ya buga a mujalla a 1920. Sai a 1983, sun tsufa, suka faɗi gaskiya. In yara biyu sun yi wa likita marubuci haka, kai ba ka yi abin da ba a taɓa yi ba.

Amma akwai inda wasa ke tsayawa. A 1895, a gundumar Tipperary ta Ailan, wata tela mai suna Bridget Cleary ta kwanta ciwo, mijinta ya ce ba matarsa ba ce, feri sun musanya ta. Ya ƙona ta a gaban 'yan uwanta. Kotu ta yanke masa shekara 20. 'Yan Wika kan yi juyayin abin da suke kira zamanin ƙone-ƙone, wasu na cewa mata miliyan 9 aka kashe. Wannan adadi lissafin dokan-daji ne na wani Bajamushe a ƙarni na 18. Masana tarihi sun tsaya a kan 40,000 zuwa 60,000 a faɗin Turai, cikin kusan shekara 300. A Ingila ma ratayewa ake yi, haka a Salem ta Amurka, inda aka rataye mutum 19 a 1692. Kuma waɗanda aka kashe ba 'yan wani addinin asiri ba ne, yawancinsu talakawan mata ne Kirista da maƙwabta suka tsana. Ban faɗi wannan don in yi wa Turawa dariya ba. Har yau a wasu garuruwanmu zazzaɓin cizon sauro zai hau kan yaro, ya yi sambatu ya kama sunan wata tsohuwa marar gata, kafin a kai shi asibiti an taru a ƙofar gidanta da sanduna.

Hukuncina a kan Wika bai da tsawo. A wurina da kai shirka ce, ɗaya take da bori, ba na kiran kowa gare ta. Amma masu yinta ba su da yawan da za su hana ka barci. A ƙidayar Ingila da Wels ta 2021, kimanin mutum 13,000 ne suka rubuta Wika a matsayin addininsu, 74,000 kuma suka ce su maguzawan zamani ne.  A Amurka, tun 2007 gwamnati ta yarda a sassaƙa tauraronsu a kan kabarin sojan da ya mutu yana bin addinin. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan jinya, da masu aikin ofis, waɗanda ke kashe kuɗinsu a kan kyandir da turare da duwatsu masu ƙyalli. Da ni aka tura, da na dawo da odar turaren wuta da tukwanen ƙarfe, har da tsintsiyar kaba buhu-buhu.

Filin nan a buɗe yake ga duk Bazazzagin da ke jin zai iya rama wa ɗan uwansa, sharaɗi kawai ya ba wani Bakano ya gyara masa "ya" da "ta" kafin ya aiko. Kai kuma watan cika-ciki na tafe. Ka zo da sassafe ka share min ƙofar gida, kuɗin shararka na nan a ajiye.